Fuskar Kawu Edwin

Lorna ta riƙe hannun Tessa a ƙarƙashin famfo tana ta cuɗa shi da sabulu, amma launin ya ƙi fita. Ba ja ba ne sosai, ba kuma ruwan ƙasa ba, wani abu ne tsakani, mai maiƙo, ruwa na bi ta kansa ya wuce abinsa.

"Me kika taɓa?"

"Kawu Edwin."

"Na san wajen Kawu Edwin kika wuni. Me kika taɓa a ɗakinsa?"

"Fuskarsa," in ji yarinyar, tana kallon tafin hannunta da sha'awa. "Ta goge."

Ko takalman robar aikinta Lorna ba ta cire ba. Kullum da safe takan bar 'yar tata mai shekara uku wajen tsohon da ke zaune a ƙasan benensu, ta tafi gidan gyaran kifi na bakin tasha, ta dawo da rana tana ƙarnin kifi. Mijinta Terry yana teku, jirginsu na kamun kifi kan yi makonni bai waiwayo garinsu Grimsby ba. Ta zaunar da Tessa da yankan burodi, ta sauka.

Mista Garside, wanda Tessa ke kira Kawu Edwin, yana inda ta saba samunsa, a kujerarsa mai hannu, ya ba taga baya, fitilar nan mai jan marfi tana kunne da rana tsaka. Rigarsa a goge, igiyar wuya, wato laktaye, a ɗaure. A bango hotunansa ne jere, kuma a kowanne yana tsaye bayan wani. Tun yana saurayi ya shiga wasan kwaikwayo, ya zagaye garuruwan arewa da ƙungiyoyin da ke sauya wasa kowane mako, bayan yaƙin duniya kuma ya sami shiga fim. Bai taɓa zama jarumi ba. Shi ne boyin da ke buɗe ƙofa, shi ne ɗan sandan da ke cire hula ya ce an ga gawar a bakin kogi, shi ne mai sayar da tikiti a tashar jirgi. Ran Lahadi da yamma, in talabijin ta sako tsohon fim, Terry kan buga ƙafa a daɓe ya ce, "Ga mutuminku can ya kawo shayi." Duk unguwar an san fuskarsa, sunansa kuwa sai mai kawo madara.

"Misis Kemp," ya ce da muryar nan tasa mai cika ɗaki. "Uwar ɗakina Tessa ta manta da wani abu ne?"

Lorna ta nufi taga. Ta wuce shi ta yaye labule. Hasken rana ya faɗo masa a fuska, sai ta ga wurin: a kumatun hagu, daidai faɗin tafin hannun yaro, launin lafiyar da ya shafa ya goge. Abin da ke ƙasa fata ce rawaya, ta yamutse, kamar tsohuwar jarida.

Ya kai yatsu ya shafa wurin, ya duba su.

"A saki labulen, don Allah. Hasken rana ba ya yi wa kowa kara."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka. Ciwon hanta ne. Likita ya yi mini bayani, mutumin kirki, sai dai yana haɗiye ƙarshen kalmominsa."

Tun kaka. Sai yanzu ta lura tun lokacin ba ta ƙara ganinsa a titi ba, ita ke sayo masa burodi da ganyen shayi, ta ɗauka sanyi yake gudu.

"Shi ya sa ka daina fita?"

"Ba a fita titi da fenti a fuska, Misis Kemp. Ko ɗan koyo ya san wannan. Kafin ka taka ƙofar baya sai ka goge, komai gajiya. Ni kuwa in na goge, kin ga abin da ya rage." Ya gyara zama. "Nas Pickering takan zo duba ni. Ran da ta ga na fara gangara, sai ɗakin tsofaffi na tsohon asibitin nan. Na je can gai da wani abokina. Gadaje a jere, an ba shi rigar wani, ana kiransa kaka. Mutumin da ya taɓa sa gari guda kuka."

Lorna ta ji tausayinsa, amma ba shi ne ya fara zuwa mata ba.

"Ka taɓa faɗuwa tana nan?"

Ya hau gyara igiyar wuyansa.

"Mista Garside, da kai nake."

"Ba faɗuwa ba dai. Na tashi zan ɗora ruwan zafi, sai na tsinci kaina zaune a ƙasa. Ta ɗauka wasa ne. Ta tafa mini."

"Da murhu a kunne."

"Da murhu a kunne," ya amsa a hankali.

"Ka san abin da ka yi kuwa? Ina can ina feɗe kifi hankalina kwance, kai kana nan kana yi mini wasan kwaikwayo da 'yata." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Daga gobe ba za ta ƙara wuni a nan ba. Nas ɗin kuma zan gaya mata."

"Ta farkon kin yi daidai," ya ce. "Ta biyun, ina roƙonki ki kwana a kanta."

Washegari ta kai Tessa wajen surukarta, can ƙarshen layin bas. Yarinyar ta riƙe marikin ƙofar tsohon tana kuka, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Daga ciki suka ji muryarsa: "A sauka lafiya, ranki ya daɗe. Za a ajiye miki biskit ɗinki." Haka yake yi mata tun tana rarrafe, ya rataya tawul a hannu, ya rusuna, ya kawo mata madara a faranti kamar matar gwamna.

Nas Pickering ta zo a makon, Lorna na jin motsinta daga sama. Ta tsaya a kan matakala da niyyar tare ta, sai ta ji dariyar matar daga ɗakin, ta ji ta fito tana cewa, "Kai dai ba ka tsufa." Lorna ta koma ciki ba ta tare ta ba. Da yamma ta sauko masa da romon kifi.

"Yaya kake yi ba ta gani?"

Ya sha cokali biyu don ya faranta mata, ya ajiye.

"Ita ga kujerarta can, haske a idonta. Ni ga tawa nan, haske a bayana. Kafin ta buɗe jaka na miƙa mata shayi, sai ta kalli farantin. Kafin ta ajiye kofi na tambaye ta ƙafarta, tana fama da kumburi. Daga ƙafa sai ɗanta da ke soja. Kafin ta gama da ɗan, lokaci ya tafi." Ya yi murmushi. "Sana'ata ke nan tsawon rayuwata. Jarumi aikinsa a kalle shi. Ni aikina in tsaya kusa da shi in sa a kalle shi. In wani ya fita yana maganar boyi, to boyin ya ɓata wasa."

"Kuma ba ka taɓa jin haushi ba?"

"Na ji mana. Wata shekara aka ba ni magana mai tsawo, har na sayi sabuwar hula. Da fim ɗin ya fito, sai na tarar an yanke ta, an bar hular."

Lorna ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta karɓi kwanon ta tafi, har yanzu ba ta yanke shawara ba.

Ranar da nas za ta sake zuwa, Lorna tana hutu. Da hantsi ta ƙwanƙwasa, ba a amsa da muryar da ta saba ji ba, ta tura ƙofa. Yana zaune gaban madubi, tsohon gwangwanin biskit a buɗe, sandunan fenti kamar manyan alli sun warwatsu a tebur, wasu a ƙasa. Ya juyo. Ta ja da baya.

Kumatun ja wur, girar baƙa ƙirin an ja ta har gefen kai, a lungun kowane ido ɗigon ja. Layukan duk sun karkace.

"Ya yi yawa, ko?" ya ce. "Idona ba ya gani sosai yau, sai hannun ya koma abin da ya sani. Wannan kwalliyar ta babban gidan wasa ce, don mutanen can saman bene su ga kana da ido." Ya ɗaga hannayensa, suna karkarwa kamar ba nasa ba. "Na so in rage, sun ƙi."

Agogon kan murhu yana ta tafiya. Lorna ta tsaya tana kallon tsohon. In ta haye sama ta rufe ƙofarta, ba sai ta faɗi komai ba, nas za ta shigo ta ga wannan fuskar, kafin ƙarshen mako motar asibiti ta zo. Ba wanda zai ce ta yi laifi. Ta naɗe hannun rigarta.

"Ka saurare ni. Makullin ɗakin nan zai koma hannuna. Murhu ba ka ƙara taɓa shi. Abin da na kawo ka ci. Tessa za ta riƙa shigowa, amma sai ina nan. Ran da ciwo ya fi ƙarfinka kuma, ba ruwana da wasa, zan faɗa."

"An karɓa, Misis Kemp."

"To, da me ake gogewa? Sabulu ba ya fitar da shi."

Ya nuna mata gwangwanin farin mai da wani tsohon tawul da launuka suka riga suka cinye. Ta goge tas, ta fara daga farko, yana faɗa mata. Wannan a ko'ina, siriri, da yatsa ba da sanda ba. Wancan kaɗan a kan ƙashin kumatu, a shafa shi sama, kada a yi ƙasa, ƙasa ta mai gajiya ce. Fatarsa ta yi laushi, ƙashi na nan kusa. Ta riƙe haɓarsa yadda take riƙe ta Tessa in tana share mata hanci.

"Kunnuwa," ya ce. "Kowa kunnuwa yake mantawa. Da bayan hannu."

"Ka yi shiru, bakinka na motsi."

"Ba a taɓa gaya mini haka ba sai darakta."

Nas Pickering ta iso, gajeriyar mace mai faɗi, da jaka da laima. Aka ba ta kujerarta. Lorna ce ta kawo shayin, shi kuma ya tambayi ƙafa, ya tambayi soja. Nas ɗin ta riƙe wuyan hannunsa, ta ɗan ja fatar idonsa ƙasa, ta ce to madalla. Da za ta tafi ta ce, "Misis Kemp, zo ki riƙe mini laimar nan in ɗaure takalmi."

A soro ta ja ƙofar ɗakin ta rufe. Ba ta sunkuya wajen takalmin ba.

"Hannunki ya fi nasa. Amma kin bar bayan wuya."

Lorna ta sunkuyar da kai.

"Yarinya, farin ido ba ya ɗaukar fenti. Tun kafin Kirsimeti na sani. Na yi shiru ne don yana iya tashi ya ɗora ruwa, yanzu kuwa ba ya iyawa. Yau na zo da niyyar in ce a kawo mota." Ta dube ta sama da ƙasa. "Wa zai zauna da shi?"

"Ni."

"Kina da ƙaramar yarinya, ga aiki, ga miji a teku."

"Na sani. Zan koma aikin yamma, surukata ta riƙe ta. Da safe ina nan, in na dawo kuma ina jin motsinsa ta daɓe."

"Ba abu ne mai kyan gani ba, ƙarshen wannan ciwon."

"Kifi nake feɗewa, Nas."

Matar ta ɗan yi murmushi, ta karɓi laimarta. "Zan riƙa zuwa kullum da allura. Ki ce masa ta ƙarin jini ce. Kuma kada ki gaya masa na gane, ya sha wahala a kan fuskar nan."

Da Lorna ta koma, ya rufe ido, gumi ya tsattsafo ta cikin hodar.

"Ta sani, ko?"

Lorna ta hau tattara kofuna.

"Ta yi dariya tun ban kai ƙarshen maganar ba," ya ce. "Wanda bai sani ba sai ya jira. Mai kallo ce ta kirki. Kada ki gaya mata na gane."

Haka aka ci gaba. Kowace safiya Lorna ta sauko, ta wanke shi, ta sauya masa riga, ta buɗe gwangwanin biskit. Tessa kan zauna a ƙasa tana miƙo sandunan, ta san na kumatu da na kunne. Nas ta zo ta zauna a kujerarta, a tambaye ta ƙafa, ta ce kai dai ba ka tsufa, ta yi allurarta ta tafi. Cokalin romo ya ragu daga biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa jiƙa leɓe. Muryar ce ta fi daɗewa, amma ita ma ta daina kaiwa bakin ƙofa.

Jirgin su Terry ya shigo ana cikin haka. Ya sami matarsa ta rame, yatsunta duk launi.

"Ba ubanki ba ne fa, Lorna."

"Da ka tafi ka bar ni da jaririya mai tari, shi ya yi ta zagaye ɗaki da ita a kafaɗa. Kai kana ina?"

"Ina kamo abin da kike feɗewa." Ya sosa ƙeya. "Kuma kwalliyar ta mece ce, tunda kowa ya sani?"

"Sauka ka ɗaga mini shi in sauya zanen gado, ka bar tambaya."

Ya sauka. Ya ɗauki tsohon cak kamar yaro, ya tsaya da shi a hannu bai san inda zai kalla ba.

"Ka yi hankali da bayana, matuƙi," in ji Mista Garside. "Shi ne aka fi gani a fim."

Terry ya yi dariya har ya kusa sakinsa. Washegari da kansa ya sauko ya gyara ƙafar gadon da ke girgiɗi.

Ran wata Talata ya ce a zaunar da shi a kujera, ya gaji da kallon rufi. Lorna ta yi masa fuskar, har bayan wuya. Ya dubi madubi ya daɗe.

"Kin iya, Lorna," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar.

Nas ta zo ta tafi. Bayan abincin rana Lorna ta sauko da shayin da ta san ba zai sha ba, ta same shi yadda ta bar shi, kai ya ɗan karkata, hannuwa a kan gwiwa, fitila a kunne. Ta ajiye farantin. Ta taɓa wuyansa, ta jira, ta sake taɓawa. Sannan ta kashe fitilar, ta hau ta ce wa Terry ya ɗauki Tessa su je kallon jiragen ruwa, ya biya ya kira likita.

Masu ɗaukar gawa suka zo da la'asar, dattijo ɗaya da wani mai jan gashi, sanye da baƙaƙen kwat. Suka kwantar da shi a kan abin ɗaukarsu.

"Ka ga mutum," in ji dattijon. "Kamar ya dawo daga hutu. Ba mu cika samun irinsa ba."

Mai jan gashin ya leƙa fuskar, ya dubi hotunan bango. "Ai na san shi. Ba shi ne mai kawo shayin nan ba? Yaya ma sunansa?"

"Edwin Garside," in ji Lorna.

Suka ja mayafi, suka ɗaga, suka nufi soro. Dattijon ya kai hannu ga ƙofar titi ke nan ta ce, "Ku dakata. Ku sauke shi."

"Uwargida, mota na tsaye a kan hanya."

"Ta jira."

Suka dubi juna, suka sauke. Ta koma ɗaki ta ɗauko gwangwanin farin mai da tawul, ta durƙusa a kan daɓen soron, ta yaye mayafin.

"Ai da kin bar shi," dattijon ya ce a hankali. "Can ma sai mun sake shafa masa wani."

"Can ku yi abin da kuka saba. Nan dai ba zai fita da shi ba."

Ta fara daga goshi, ta gangaro kumatu, ta bi gefen hanci, haɓa, kunnuwa, bayan wuya. Ta ɗaga hannayensa ɗaya bayan ɗaya ta goge. Lafiyar duk ta koma jikin tawul. Abin da ya rage ƙaramin tsoho ne, rawaya, mai dogon hanci da wani ɗan tabo a gira da ba ta taɓa lura da shi ba. Mai jan gashin ya cire hularsa. Ta gyara igiyar wuyan, ta mayar da mayafi, ta miƙe.

Ita ta buɗe musu ƙofa. Ta ja gefe ta riƙe ta, suka wuce da shi cikin hasken titi.

Washegari rana ce ta wanki. Ta tafasa tawul ɗin da kayan Tessa, ta cuɗa shi har hannunta ya gaji, launin bai fita ba. Ta shanya shi a bayan gida tsakanin ƙananan riguna. Tessa ta fito da biskit a hannu, ta tsaya ƙarƙashin igiyar, ta yi ɗage ta kama gefensa, sannan ta juya tafin hannunta ta duba. Ruwa ne kawai.